Inuwar Cokalin Katafila

Duk wanda bai taɓa ganin mahaifinsa cikin sujada a ƙarƙashin ƙarfe mai saukowa ba, bai sauke karatun tsoro ba, ko da ya gama jami'a. Ni na sauke nawa ina aji uku, wata Alhamis da ba mu da lakwal, wato makarantar boko, cikin bazarar 1975, a ramin jar ƙasa da ke bayan Madarumfa.

Baba ne makaniken katafilar da ke loda wa motoci ƙasa don gyaran hanyar Ɗan Issa. Ƙarfin mai ne ke ɗaga cokalinta, man nan kuwa Baba ya fi tattalinsa da yadda Inna ke tattalin man shanu. Kullum da safe sai ya auna shi, ya tace sabo da tsohon ɗankwali kada yashi ya shiga, ya bi kowane tiyo da tsumma yana neman yoyo. Wanda ya tsage, tunda sabo sai daga Yamai, ya naɗe shi da robar keke da waya. Dokarsa ɗaya ce: “Ba a kashe inji da cokali a sama.” Amma ramin ba itace ko ɗaya, ranar kuma zafi ya narkar da doka. Da na kawo fura, na tarar an ɗaga cokalin, su huɗu har da Baba sun tada azahar a inuwarsa, Malam Idi direban katafilar yana limanci.

Ina ajiye ƙwarya na ga mai yana ɗiga daga naɗin robar. Cokalin ya yi ƙara, ya sauko faɗin tafin hannu, ya tsaya. Ya sake saukowa. Ba a yi wa mai salla magana, ba a gifta gabansa, wannan na sani tun kafin in iya ɗaura zane. Sai na tuna an koya mana cewa mace tafi take yi in liman ya yi kuskure. Na tafa. Malam Idi, da ke zaune zai yi sallama, ya ɗauka ya rage raka'a. Ya miƙe, duk suka miƙe. Saura kamu guda hular Baba ta taɓa ƙarfe. Na shiga na ja rigarsa har ta yage.

“Ke Hajo, aljanu gare ki?” in ji Baba.

Na nuna sama. Ba wanda ya tsaya ɗaukar takalmi.

“Gyaranka ne fa, maigida,” in ji Malam Idi daga nesa.

“Inuwarka dai, liman,” in ji Baba.

Injinan yanzu suna da fitilar gargaɗi, ba sa jiran ɗiyar kowa ta tafa, ni kuwa har yau nakan yi kewar warin man nan a hannun Baba. Mun tsaya a rana muna jiran cokalin ya faɗo. Bai kai ƙasa ba sai bayan la'asar.