Ranar da Garba Ya Ajiye Motar Kifi a Gadon Teku

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da ranar da teku ya so haɗiye mana motar kifi ba. Ku matan da ke aikin girki yanzu kun dame ni in ba ku labarin, kowacce ta ji guntu sai ta ƙara masa gishiri. To ga shi da hannuna. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wadda ta ga rubutuna ya karkace ta gyara a zuciyarta, kada ta zo mini da shi.

Lokacin ana tsakiyar ginin dam ɗin Bakolori ne. Kamfanin ya yi wa Turawansa unguwa tsakanin Talata Mafara da Maradun, da kulob inda suke cin abinci, ranar Asabar kuma a kafa musu majigi. Ni ce hedkuku, wato babbar mai girki. Sama da ni akwai manajan kulob, wani Bature mai tumbi da muke kira Mai Lofe. Ƙasa da ni mata ne, yawancinsu daga ƙauyukan da ruwan dam ya ci wa gonaki. Da wannan aikin suke riƙe da gida.

Mai Lofe ɗan bakin teku ne a ƙasarsu, kuma bai yarda tarwaɗarmu kifi ba ce. Don haka akwai mota mai akwatin sanyi da ake aikawa Kudu ta ɗauko kifin teku. Direbanta Garba, mutumin Damri, ya iya tuƙi, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Amma kifi yake zaɓa kamar ragon layya, wanda ya fi tumbi. Bai san kumburi ba ne. Aka buɗe motar a zuwansa na ƙarshe, har karnukan unguwar sai da suka yi ƙaura.

Mai Lofe ya kira ni ofis. Ya iya Hausa irin ta 'yan koyo.

"Asabe, kifi wari kuma, kicin rufe. Ni kawo abincin gwangwani. Mata duka gida."

Na ce, "Ranka shi daɗe, mata nag gani sunka tai Kudu sayen kihi? Wanda ya yi ɓarna daban, waɗanda za a kora daban?"

Ya zare lofe ya nuna ni da shi. "To ke tafi."

Haka na hau gaban mota da rani tsaka, ni da ban taɓa wuce Gusau ba. Mata suka raka ni har bakin titi suna addu'a kamar mai tafiya Makka.

Muka sauka da sassafe a wani ƙaramin gari na masunta, can gefen Ikko, inda Garba ma bai taɓa zuwa ba, don shi a kasuwar cikin birni ya saba saye. Garin komai jiƙe yake, komai gishiri ne. Kwanon rufinsu duk tsatsa, akuyoyinsu gajeru kamar an danne su, mata na kyafe kifi a ƙofar gida yadda muke sussuka. A kasuwa na haɗu da Iya Sikira, wata dattijuwa Bayarabiya da ta yi shekaru tana sayar da goro a Gusau, Hausa a bakinta tangaram. Ita ta zaga da ni. Na buɗe kunnen kowane kifi na ga ja, na duba idonsa, na danna cikinsa. Garba na gefe yana nuna wani ƙato.

"Yaya Asabe, dubi wanga, wallahi ya yi rago."

Na ce, "In ka sake nuna min kihi da yatsan ga, da shi za ni yi miya."

Kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama lodi. Ga yadda ake yi: a shimfiɗa ƙanƙara, a jera kifi, a sake ƙanƙara, a rufe ƙofa. Doka kuma ita ce ba a tashi sai rana ta yi sanyi, kuma kafin nan mota ta tsaya inda iska ke kaɗawa. To lungunan garin ko jaki da mangala sai ya karkace. Sai Garba ya hango wani fili a bayan kasuwa: yashi shimfiɗe, mai tauri, mai sanyi, ba kowa a kai. Teku na can nesa yana ƙyalli. Masunta kuwa sun ja jiragensu har gindin itatuwan kwakwa.

Garba ya ce, "Dubi wautar mutanen ga. Ga hili Allah ya ba su, sun tai sun cunkushe cikin lungu."

Ya kora mota har tsakiyar filin ya kashe. Iya Sikira ta biyo mu tana haki.

"Ɗana, ɗauke motar nan. Nan hanyar ruwa ce. Kafin la'asar yana nan."

Garba ya ɗaga kai ya dubi sama, tas, ko gizagizai babu. "Iya, ruwa da rani? Mu gida cikin gulbi muka wankin mota, cikin gulbi aka ɗibar yashi, har kasuwa aka ci. Sai damina ruwa ka zowa."

"Nan kullum yake zuwa."

"Kullum! To wa ka buɗe mai?"

Ni ma dariya na yi, kuma har yau ban ji kunyar dariyar ba. Duk ruwan da na sani a duniya ko dai daga sama yake zuwa, ko kuwa yana da ƙofa da mai gadi da jiniya, kamar na dam. Iya ta tafa hannu ta juya tana magana da yarensu.

Muka shiga gari cin abinci. Ranar ce ta farko a rayuwata da na zauna a kujera wani ya dafa ya kawo mini. Ban iya ba. Sai da na kutsa madafarsu na buɗe tukwane, na tambayi wanda ya yi yanka, na gaya wa mai girkin wutarta ta yi yawa. Aka kawo teba da miyar kuɓewa. Garba ya sa hannu, sai ga wani abu mai ƙafafu ya taso daga cikin miyar. Ya yi tsalle har kujera ta kife.

"Innalillahi! Kunama! Yaya, kunama sunka dahwa muna!"

Ƙaguwa ce. Mai abincin ta fasa masa ita ta nuna yadda ake tsotsa. Ya ce shi ba ya cin abin da ke tafiya a karkace. Na cinye tawa na cinye tasa, da daɗi kuwa, ya zauna yana cin teba gaya yana harara ta.

Da muka fito sai ga gidan silima, mai rufi, wanda ake nunawa da rana. Garba bai taɓa ganin majigi ba sai ta bayan wayar kulob, daga nesa, ba sauti. Ya marairaice kamar maraya. Na ce mu shiga, ai da sauran rana.

Fim ɗin Indiya ne. Wani saurayi direban babbar mota yana son 'yar mai kuɗi, uban ya ƙi. Garba ya ɗauki abin a kansa. Uban na fitowa sai ya miƙe tsaye.

"Kai tsoho, ji tsoron Allah! Tuƙi ba sana'a ba ne?"

Na baya suka yi ta ihu ya zauna. Da aka kama saurayin ana duka, na juya na ga ƙato da gemu yana share ido da hula. An kai inda yarinyar ta gudo daga gida, saurayin ya taho da mota, saura kaɗan su haɗu, sai aka banko ƙofa haske ya shigo. Muryar Iya Sikira ta cika ɗakin.

"Ina masu motar kifi? Ku fito, baƙonku ya iso!"

Garba ya ce, "Yaya, dakata kaɗan mu ga ko an ɗaura auren."

Da wuyan riga na fitar da shi.

Filin nan babu shi. Inda muka taka da ƙafa ruwa ne ke tafe yana komawa, motar na tsaye a ciki kamar saniya a tafki, ya kai rabin taya. Duk zuwan da ya yi sai ya kwashe yashin ƙarƙashinta ta ƙara nutsewa. Mutanen gari sun jeru a gindin kwakwa suna kallo, sun sami silima ta kyauta. Garba ya ɗora hannu a ka ya yanka da gudu a bakin ruwan, ya yi gabas ya dawo yamma.

"Wa ya buɗe? Ina mai gadin? Ku ce a ruhe! Ko jiniya ba ku busawa garin ga?"

Iya ta ce, "Mai gadin yana sama, ɗana. Je ka gaya masa."

Ni ban ga mota ba a lokacin. Matan kicin na gani a bakin titi suna ɗaga mini hannu. Na ce wa masunta su taimaka, suka yi dariya suka ce a jira ruwa ya koma. Kafin ya koma ai injin ya sha gishiri, ƙanƙara ta narke. Na ɗaure zane a ƙugu, na sunkuci bakin igiyar da suke jan taru da ita, mai kauri kamar damtse, na shiga ruwa. Ban iya iyo ba, ko a kwatarniya. Ruwa ya buge ni na faɗi, na tashi na zage shi, na isa na ɗaura igiyar a ƙarfen gaban mota, irin ɗaurin da nake yi wa sa ranar yanka.

Iya ta yi wata kuwwa. Sai ga mata masu kyafe kifi sun fito daga lunguna, suka kama igiya. Da mazan suka ga matansu na ja suna tsaye, kunya ta kama su, suka shigo. Wani ya ɗauki waƙar jan taru, saura na amsawa, kowane amshi a ja. Garba na kan sitiyari yana salati. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito tana zubar da ruwa ta ko'ina.

Na san Garba ya ɓoye buhun albasar Mafara a bayan kujera, zai yi ɗan kasuwancinsa. Na sauke na kwance na raba wa matan nan tas.

"Yaya, jarina!"

Na ce, "Kai shiru, ko in ba su kai."

Da muka iso gida Mai Lofe na tsaye a ƙofar kulob, matan kicin sun jeru a bayansa. Ya buɗe akwatin ya shinshina. Ya danna kifi ɗaya. Sannan ya sunkuya yana duban ƙarƙashin motar, inda yashi da ciyawar teku suka maƙale. Sai ga wata 'yar ƙaguwa ta faɗo daga inda ƙanƙara ke ɗiga, da ranta, ta kama tafiyarta a karkace. Bature ya ɗauke ta a tafin hannu, ya ɗebo ciyawar ya kai hancinsa, idonsa ya kawo ruwa. Ƙamshin garinsu ya ji.

"Asabe, wannan kifi ina ke saya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, har cikin ruwan munka shiga da mota."

Ƙarya na yi? Ya ce bai taɓa ganin ma'aikata irinmu ba. Ba a rufe kicin ba, ba a kori kowa ba, kuma daga ranar ni ke zuwa sayen kifi har aka gama aikin dam.

Abin da na koya, ku riƙe shi. In aiki ya kai ku garin da ba naku ba, kuka ga wuri mai kyau 'yan gari sun bar shi fayau, ba wauta ce ta hana su ba. Kuma in tsohuwar garin ta biyo ku tana haki, ku tsaya ku ji, ko da sama tas take.

Garba kuwa bai koyi komai ba. Mun haɗu a kasuwar Mafara bayan ya tsufa, yana dogara sanda. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Asabe, albasa na yahe miki. Amma har yau ban san ko an ba yaron nan matarshi ba."