Furannin Madam a Ɗakinmu

Salamu alaikum, 'ya'yana da jikokina na wannan dandali. Jikata ke riƙe da waya, ni ke faɗa tana rubutawa.

Maganar nan tun ina yarinya ban sake buɗe baki a kanta ba. Innata ce ta hana. Ta ce abin in ya ji ana ambatonsa, dawowa yake. To yanzu na tsufa, in zai dawo ya zo, ina zaune.

A Gure ne, kafin babban yaƙin Turawa na biyu. Ko haƙoran gaba ban gama famfara ba. Babana shi ke ban ruwa a lambun gidan kumandan, Baturen da ke mulkin garin, a bariki. Da matar kumandan, wadda ake kira Madam, za ta tafi ƙasarsu hutu, sai ta damƙa masa furanninta na cikin tukwane. Ta ce kada rana ta taɓa su, kada akuya ta taɓa su. In ɗaya ya mutu, shi ma aikinsa ya mutu.

Baba ya rasa wurin da ya fi aminci, sai ɗakin kwananmu. Ya jera su jikin bango, ya toshe taga da tsumma, kullum ƙasarsu a jiƙe.

Wayyo, irin son da na yi musu! Mu da muka saba da ƙaya da rairayi, ga kore shar a gefen tabarmata.

Da atishawa abin ya fara. Sai ido ya yi ja, yana ruwa. Sai wata asuba na farka na ji kamar ɗan kyanwa na kuka. Na duba ko'ina babu kyanwa. Ashe daga ƙirjina kukan ke fita.

Ina jan numfashi, ba ya zuwa.

Kuma akwai abin da na gani ban faɗa wa kowa ba. Kowace safiya ganyen sun juyo sun fuskanci inda nake kwance, da ɗigon ruwa a bakin kowane ganye. In Baba ya juya tukwanen, sai su sake juyowa.

An yi rubutu na sha. Wanzami ya yi mini ƙaho a baya. An turara ɗaki, hayaƙin ya kusa ƙarasa ni. Akuyarmu mai ba da nono ta tafi a neman magani.

Aka kai ni likita. Lokotoron baƙin mutum ne, dogo, ba ya son surutu. Ya ɗora ƙarfe mai sanyi a bayana ya saurara, ya sa na tofa majina a gwangwani, ya ba ni wani ruwa mai ɗaci. Aka kwantar da ni a rumfa. Ba a jima ba na miƙe garau, har ina tsalle.

Muka koma gida. Ina sa ƙafa a ɗaki, ya shaƙe ni.

Kakata ta ce, "Ɗakin nan da mai shi. Ku tashi."

Muka koma ɗakin da ke bayan rumbu. Baba ya kwashe tabarmi, ya kwashe ƙwarya, ya kwashe furannin Madam, tunda amana ce. Washegari kukan kyanwa ya dawo.

Nan fa gida ya ɗauka, "Ya biyo ta." Maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da ni. Na ji da kunnena wata tana ce wa Inna ta yi haƙuri, wannan ba mai zama ba ce. Tsoro ya kama ni, wallahi. Ba na son in mutu.

Da aka mayar da ni likita, lokotoro ya ce, "Me ke cikin ɗakin?"

Baba ya lissafa komai, har da turmi. Bai faɗi furanni ba, don ba namu ba ne.

Mutumin bai yarda ba, ya tako har gida. Ya leƙa, ya tona ƙasar tukunya da yatsa, ga fumfuna fari fat. Ya ce, "Malam, ko su a ɗakin nan, ko ita."

Baba ya ce, "A waje rana za ta kashe su."

Ya ce, "Na sani."

Baba ya daɗe zaune a bakin ƙofa. Can ya tashi ya fitar da su da hannunsa, ya ɓare tsumman taga.

Bazara ce, inuwar rumbu ba ta yi musu komai ba. Suna bushewa ina samun numfashi. Masu ilimi sun ce fure haske yake bi. Na ji. Amma ko a waje, ƙofarmu suka fuskanta har suka mutu.

Inna gwanar saƙar kaba ce. Ta rina kaba da shuni da gangamau ta fito kore, ta yanka ganye, ta soka a busasshen rairayi cikin tukwanen. A ɗakinmu suka zauna har Madam ta dawo, ko atishawa ban yi ba.

Baba ya kai mata, bai ɓoye komai ba. Ta shafa ganyen, ta karɓi tukwanen ta jera a barandarta. Shi kuma ta sallame shi. Muka tattara muka koma Gidigir noman gero, muka sha wuya ba kaɗan ba.

To ku masu jera tukwanen fure a falo, ku ji. In yaro na tari a gida yana warkewa a waje, ku fitar da su ku gani. Ku kai shi likita, ku faɗi duk abin da ke ɗakin, naku da na aro. In kore kuke so, ga na roba cike da kasuwa, sai dai ku riƙa goge musu ƙura.

Na gode wa Allah, na gode wa lokotoron nan da ban san sunansa ba.

Ku sa mini Baba a addu'a. Mun kwana da yunwa saboda ni, amma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ni na ja masa ba.