Ranar da Na Toshe Salansa

Mota murya biyu gare ta, amma sai da na shekara shida ina tuƙi kafin in yarda da haka. Akwai ta baya, wadda ke fita ta salansa, kowa na jin ta. Akwai kuma ta gaba, inda inji ke shaƙar iska ya haɗa da mai. Wani gurnani ne mai zurfi da ke tasowa in ka taka totur, direba kaɗai ke jin sa, shi ma sai in ya kasa kunne. Ni a lokacin ba ni da kunnen kasawa, girman kai ya toshe shi.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. Ina jan lorin wani ɗan kasuwa a Gwandu, ina ɗaukar gyaɗa da auduga, gidanmu kuwa yana Kalgo. Motocin da ke bin hanyar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma mu direbobi muna da wata al'ada: kowa ya sami ƙusa da guduma ya huda salansarsa, don motarsa ta yi kuka irin nata. Wani huda biyu, wani uku. Ni da ba na son a fi ni, bakwai na yi. In na taso awaki su watse, jakuna su zubar da kaya, ni kuwa ina ciki ina hura hanci sai ka ce ni na ƙera ta.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Da hantsi wani direba da ya taso daga Kalgo ya same ni a tasha, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Tsohonka ba lahiya, jiki ya yi nauyi ƙwarai. Tun jiya sunanka shika kira. In za ka tahi, tahi yanzu."

Maigidana ya ce in ɗauki motar haka nan ba kaya. Ina fita gari wani dattijon Bafulatani ya ɗaga mini sanda, ya ce daga wajen Masama yake, za shi Kalgo duba shanunsa. Na so in wuce, amma na ji kunyar furfurarsa, na buɗe masa gaba.

Mun ci rabin hanya motar ta fara atishawa. In taka totur, baya ya yi ta tsawa, amma ƙarfi babu. Muna fitowa daga wani kwari mai yashi ta yi tari sau biyu ta mutu. Na kwance fulogi na goge. Na hura bututun mai har fetur ya cika mini baki. Na sa hannun tayarwa na yi ta juyawa har fatar tafina ta saɓule. Ta tashi da rugugi, ta yi taku ashirin, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har rana ta take tsaka. Ba mota gaba, ba mota baya, sai gero ta ko'ina.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Rabona da mahaifina wata huɗu, kuma ba da daɗi muka rabu ba, don ya ce in bar tuƙi in dawo gona, na mayar masa da magana. Na zauna a kan yashi, ƙato da ni, ina kuka ina roƙon Allah Ya ara masa numfashi zuwa la'asar. Na tashi na harbi taya, na zagi motar har da wanda ya ƙera ta, na koma na ba ta haƙuri.

Duk wannan abin da nake yi, dattijon yana tsugune a inuwa. Sai da muka yi azahar ya ce, "Ɗana, tun da munka taso motag ga taka hito ta hanci. Ba ka jiya ba?"

Na ce, "Baba, don Allah ƙyale ni. Wagga ba saniya ba ta."

Ya ce, "Na sani. Amma mu in dabba ta kwanta, ba kukanta muka saurare ba, numhwashinta. Kai ko bayanta ya cika maka kunne."

Na so in yi masa rashin kunya, amma dabara ta riga ta ƙare mini. Na gangara kwarin na kwaso laka, na yaga rawanina, na kwanta ƙarƙashin motar na cika hudojin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na naɗe da tsumma na ɗaure da waya. Na buɗe murfin inji na tayar da ita. Karo na farko a shekara shida na ji gabanta sosai. A cikin gurnanin nan akwai wani siririn fito, kamar na yaro mai wushirya. Na bi shi da kunne har gindin kafireto, mahaɗar iska da mai, inda takardar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya tana tsinka mai. Abin da ya tsayar da ni tun hantsi bai kai faɗin farce ba.

Na jiƙa sabulu na liƙe wurin, na ƙara ɗaure noti. Fiton ya ɗauke. Na taka totur, ta ja iska ta ƙoshi, ta haye yashin ba gardama. Ban sake ɗaga ƙafata ba har Kalgo, motar na gudu lumui, ba ta ko firgita kaji.

Ana gama la'asar muka shiga gari. Hanyar ta bi ta gefen maƙabarta, amma gero ya rufe ta, ban ga kowa ba. Na tsaya ƙofar gida, na ga ba namiji ko ɗaya, sai kukan mata daga ciki. Ban ko kashe motar ba, na diro na juya da gudu ta cikin gonaki zuwa maƙabarta.

Na tarar ana yayyafa ruwa a kan kabari. Baffana, ƙanen mahaifina, ya riƙe hannuna, ya ga jinin tafin. Sannan ya ce tun azahar tsohon ya cika, kuma har ya cika kunnensa na wajen hanya. Suka riƙe gawar suna jirana har la'asar, don sun san ana jin motata tun daga bayan fadama. Da shiru ya yi yawa suka ɗauko shi.

"Muna shirin sa shi," in ji baffa, "sai ga ƙarar mota ta wuce nan bayan geron ga. Yayanka yac ce a dakata. Nis saurara, nis saurara, nic ce wagga ba tashi ba ta, ku sa shi."

Ban gaya masa cewa tawa ce ba, ni na toshe mata murya. Na durƙusa na ɗora hannuna a kan ƙasar, da sauran danshi.