Dattijo Mai Hular Kwano a Ofishin Kwastan

Tun safe yake zaune a bencin da ke gaban tagar ma'aikaciyar kwastan, dattijo mai furfura a gemu, riga a goge, takalmi ya sha tafiya. Abin da ya hana ta ɗauke ido daga kansa shi ne hular kwanon da ya kifa a ka cikin wannan zafi. Gumi na bin wuyansa, ya ƙi cirewa.

Irinta ce cike da kwantenar da aka ƙwace masa. An gwada ɗaya, ta fashe kamar ƙwai. An ce ya biya tara ya fanshi kayan, amma sai dai ya mayar da su inda suka fito, ba kasuwa ba.

Duk jami'in da ya gifta, sai ya ƙwanƙwasa hular da yatsa. "Yallaɓai, ji fa! Wannan ce ba ta da inganci?" Ba mai tsayawa.

Ita dai ta gaji da masu rantsuwa, amma wannan bai yi mata kama da macuci ba. Ta fi zaton shi aka cuta, wataƙila ma gida ya sayar ya shiga harkar.

"Baba, ga wadda aka gwada." Ta miƙo masa gutsattsarin ta taga.

Ya daɗe yana juya su a tafin hannu. Sannan ya cire hular a hankali, ya ɗora a cinya, ya lalubo waya.

"Auta, kana kan babur? Tsaya a gefen titi. Hular nan da na ba ka, kada ka sake hawa da ita. Tura shi gida da ƙafa."