Matar da Ba Ta Neman Ragi

Edita, a shekarun da rikicin nan ya koro mutane daga arewacin jiharmu zuwa Yola, ni ɗan kasuwa ne a Jimeta, ina sayar da takalman yara, sababbi da na gwanjo. Wurin mahaifina na gaji sana'ar, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Nakan cika baki cewa daga tafiyar mutum nake gane mai saye da mai ɓata mini lokaci. Ga ni da saurin hawa, ga baki. Maƙwabciyata a layi wata 'yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da kwanuka da robobi, kowa Madam yake ce mata, kuma kusan kullum sai mun yi cacar baki don tana turo kayanta gaban rumfata.

Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba, ba zai gane irin tsoron da muka sha ba. Bam ya tashi inda jama'a ke taruwa, mun binne mutanen da muka sani. Ko tayar keke ce ta fashe, sai ka ga layi ya watse, kowa ya bar kayansa. In zan fito daga gida a Rumde da safe, matata takan bi ni har ƙofa tana addu'a. A kasuwa kuwa maganar ɗaya ce, a sa ido kan mata masu dogon hijabi da duk wanda sayayyarsa ba ta yi kama da ta mutane ba.

To, a sana'armu uwa ba ta sayen takalmi da ka. Ko ta zo da yaron a gwada masa, ko ta zo da tsinken tsintsiya da ta karya daidai tsawon ƙafarsa. Sannan sai an sha ciniki, ta taya, in ce albarka, ta juya kamar za ta tafi, in kirawo ta. Sai ga wata mata, kana ganin faso a ƙafarta da silifas ɗin da aka ɗaure da waya ka san gudun hijira ta yo. Ta fito da wani tsinke da ya yi baƙi don riƙo, ta sa shi cikin takalmin 'yan mata, ta zaɓi wanda ya fi tsinken tsawo. Na ce mata ya yi yawa, ta ce shi take so. Na faɗi kuɗin farko, wanda ko matar babban ma'aikaci sai ta ce haba, ita kuwa ta miƙo ta wuce. Bayan wasu watanni ta dawo da tsinken nan dai, ta ɗauki wanda ya fi na baya girma, ba ciniki. Nan zuciyata ta fara saƙa. Wadda ya kamata a ce garin tuwo take nema, ina ita ina takalmi mai fure? Kuma wane talaka ne ba ya neman ragi? Na yanke cewa turo ta ake yi ta leƙi kasuwa.

Ana gab da Sallah ta sake zuwa, rumfata cike da iyaye da yara. Ba ta taɓa komai ba. Ta tsaya tana kallon 'yan matan da ake gwada wa takalma, leɓenta na motsi, jikinta na rawa, hannunta ɗaya a cikin hijabi. Da na dubi cikinta sai na ga tudun wani abu a ɗaure. Na dubi yaran nan, na ce shi ke nan, yau tamu ta ƙare. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu cewa tana ɗauke da bam ba.

Innalillahi! Iyaye suka suri 'ya'yansu, aka tattake wasu, tebura suka kife. Ni kaina bayan wani shago na tsinci kaina a durƙushe, na toshe kunnuwa ina jiran ƙara. Ƙarar ba ta zo ba. Abin da na ji shi ne ihun samari. Da na leƙo, sun fara jifanta daga nesa, ta faɗi, wasu na matsowa da katako, wani na cewa a kawo fetur. Sai na ga Madam, wadda nake yi wa kallon ba ta san komai ba sai ribarta, ta ratsa su da gudu ta faɗa kan matar. Tana ihu da Hausarta mai gauraye da Turancin kasuwa, wai in bam ne ya tashi da ita, amma ba mai ƙara taɓa baiwar Allah nan. Da hannunta ta ɗaga hijabin. Leda ce ɗaure da ɗankwali, a cikinta takalman da na sayar mata, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba.

Jini na zuba daga goshin matar, amma takalman take kakkaɓewa. Da Madam ta ba ta ruwa, sai matar ta ce ranar da maharan suka shiga garinsu ta rabu da 'yarta a cikin gudu, kuma tsinken nan awon ƙafar yarinyar ne da ta yi kafin ranar. Ta san yara ba sa daina girma, shi ya sa take ƙara girman, don kada a dawo mata da ita ba abin sawa. Wankau take yi a gidajen unguwar Nassarawo tana tara kuɗin, takalman kuwa a ciki take ɗaure su saboda inda suke kwana ba ƙofa. Ciniki kuwa gudunsa take, don in magana ta yi tsawo sai an tambaye ta ina yarinyar, ita kuma ba ta iya amsawa. Sannan ta dube ni, ni da na kusa sa a ƙone ta, ta kira ni Hamma, wato yaya da Fulatanci, ta tambaya ko zan yarda in canza mata na farkon, don yanzu ya yi wa yarinyar kaɗan. Na canza mata, na kasa haɗa ido da ita.

Yanzu gari ya lafa, amma har yau in na tuna muryar mai neman fetur sai gabana ya faɗi. Jama'a, musamman 'yan uwana 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron bakinku a cikin taro. Sanin ciniki ba sanin mutum ba ne, kuma ba ka san abin da ya fito da mai saye daga gida ba. In kana shakka, kira masu tsaro a hankali. Ihu ɗaya ya isa a kashe rai, kuma ba ya komawa ciki. Na nemi matar har garin Namtari, inda wasu 'yan gudun hijira ke zaune, don in roƙi gafara, ban same ta ba, ba ta kuma sake zuwa ba. In yarinyar tana raye, yanzu ƙafarta ta wuce duk wani takalmi da ke rumfata.