Gwadabe Mai Sharar Fage

Kowace Juma'a ta kaka, kafin 'yan kara su gama ɗaure shanu, Gwadabe ya riga ya gangara bakin kogi da jakinsa. Yashi yake ɗiba, mai laushin nan na gindin gaɓa. Ya kai fagen kokawa na bayan kasuwar Wudil ya zube, ya tsince tsakuwa da ƙaya, ya yayyafa ruwa, sannan ya bi da tsintsiyar kaba har wurin ya kwanta sumul. Shekara ashirin da shida ke nan. Kafin kowace karawa kuma sai ya sake sharewa, 'yan kallo na gunaguni, shi ko a jikinsa. Dalilinsa ɗaya ne. A kokawa, gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kaye. Ido yana ƙiftawa, amma yashin da aka share yana riƙe shaida. Shi ya sa mai sharar shi ne alƙalin.

Mutanen Achika ba su manta ranar da ya yanke wa Haladu, ɗan ƙanwarsa, faɗuwa ba. Sai da Sallah ta zagayo kafin uwar ta amsa gaisuwarsa.

To, sai ga zaɓen nan na 1959, kowace jam'iyya ta nemi ɗan kokawarta. Alhaji Maikano, jagoran wata jam'iyya a Sabon Gari, ya ɗauki Isyaku, ya ɗinka masa tutarsu a warki. Aka sa rana zai kara da Ƙasimu, manomi daga Achika, a gaban baƙi daga Kano. Ranar Alhamis Alhaji ya tarar da Gwadabe yana ɗaure sabuwar tsintsiya.

“Baba Gwadabe, gobe a bar sharar nan, tana cin lokaci. Manyan baƙi gare mu.”

“Ranka ya daɗe, ai baƙi ake yi wa shara.”

“Fagen nan dai ba gadon gidanku ba ne. Wanda ya ba ka yana iya karɓa.”

Gwadabe ya gane sarai. Ba shi da sarauta, ba shi da shanu, fagen nan shi ne sunansa a garin. Ya ƙarasa ɗaurinsa, ya ce Allah ya kai mu.

Juma'a bayan la'asar aka kara. Ƙasimu ya fizgo, gwiwar Isyaku ta dangwali ƙasa, ya zabura ya sunkuci Ƙasimu ya nana shi. Makaɗa suka ɗauka, lasifikar da ke kan motar jam'iyya ta fara shelar nasara. Gwadabe bai ɗaga hannun kowa ba. Ya taka a hankali, ya ja da'ira da gindin tsintsiya a kewayen wani ɗan rami cikin yashin, ya tsaya a kai.

“Wannan sawun diddige ne, tsoho,” in ji Alhaji.

“Diddigen raƙumi ke nan. Isyaku, zo ka sa gwiwarka ciki. In ba ta zauna ba, ga tsintsiya na ba ka.”

Isyaku ya dubi ramin, ya dubi danshin yashin da ke gwiwarsa. Ya ce, “Tawa ce, Baba.”

Mako bai zagayo ba aka karɓe fagen daga hannun Gwadabe aka ba wani. Yanzu ba a shara, kowace Juma'a da sanda ake tashi.

Kai ne, Gwadabe, ka tsaya kan rami ɗaya lasifika ta yi shiru. Kai ne ba ka taɓa tambayar ɗan kokawa akwatin da zai jefa wa ƙuri'a ba. Na zaga Ikko, na zaga Fatakwal, na ga alƙalai masu takalmi da alƙalami, ban ga wanda ya kai ka ba. An ce in bar maganar nan ta kwanta. Masu faɗa sun san ƙofar gidana.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da aka danƙa wa wani abin riƙo, ko awo ne a kasuwa ko rabon ruwa a fadama, ku share wurinku kafin a kara. Mai son ganin yadda ake yi ya je Lajawa ranar Laraba. Can Gwadabe ya koma zuba yashi, kuma wanda ya fara zuwa neman karawa Isyaku ne, ba tuta a warkinsa.