Farantin Baƙon Pelagiya

A unguwarmu ta bayan mayanka a Chicago, kafin ka hango Pelagiya Sobczak ka ji dariyarta. Aikinta wanke hanji cikin ruwan gishiri, har hannuwanta suka tsattsage. Da bijimi ya take mijinta a wurin aiki ya mutu, sai ta cika gidanta da 'yan haya, ni ma nan na sauka da na zo daga Poland.

Ran jajiberin Kirsimeti mukan ƙara faranti ɗaya a teburi, don baƙon da hanya za ta kawo. Kowane gida na yi, amma ba wanda ya taɓa ganin baƙon. Sai wata shekara, mun zauna ke nan, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani saurayi Ba'amurke ne, Everett Coyle, yana neman ɗaki. Pelagiya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta zaunar da shi gaban farantin, ta cika masa da soyayyen kifi da kabeji.

Marubuci ne, cikin masu cewa a daina yi wa labari kwalliya, a rubuta talaka yadda yunwa da halin gado suke jan sa kamar dabba. Da mu ya yi sanyin shekarar. Ɗan tsako Pelagiya take ce masa, tana tsokanarsa wai warin unguwa ya fi ƙarfin hancinsa.

Da littafin da ya rubuta a kanmu ya fito, 'yarta Jadwiga ta riƙa fassara mana. Kan wari da tari da jini bai yi ƙarya ba, har na ji daɗi da wani ya faɗa. Amma matar da ke ciki, wato Pelagiya, ko sau ɗaya ba ta yi dariya ba. Farantin kuwa, wai baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, take zuba wa mataccen miji abinci. A ƙarshe ya kashe ta cikin ƙanƙara.

"Mama, in bari haka?" in ji Jadwiga.

"A farantin nan fa ya ci," Pelagiya ta ce a hankali. "Har ƙari ya nema."

Ranar ta rantse ita da farantin baƙo har abada. Da jajibere ya zagayo aka jera faranti daidai kawunanmu, muka zauna, ba mai taɓa abinci. Can ta ja tsaki ta miƙe, ta ɗauko farantin ta dire.

"Wa ya sani ko ɗan tsakon nan zai dawo? Ya zo ya ga gawa tana soya kifi."

Ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki, mu ma muka bi ta.

Bai dawo ba. Ta tsufa ta mutu a kan gadonta, gidan ma an rushe shi. Bana jikata ta karanta littafin a makaranta, ta zo tana tambayata ko da gaske ba ma dariya a zamanin. Na yi kewar matar nan ƙwarai. Dubban mutane sun san yadda ta mutu a takarda, amma cikin waɗanda suka ji dariyarta ni kaɗai na rage.